Wada Mai Fiɗa da Fatar Hamra

A kwatar Garwa, inda ake yanka shanun gari, akwai aikin da ba kowa ke lura da mai yinsa ba. Mai yanka an san shi, don shi ne mai bisimilla. Mai tebur an san shi, don shi ke ciniki da mata. Amma wanda ke tsugunawa a tsakaninsu ya raba saniya da fatarta, 'yan sana'a kaɗai ke riƙe sunansa. Wada na unguwar Hausare irin wannan ne. Kakansa ya zo daga wajen Yola da wuƙaƙe biyu da dutsen washi, ubansa ya gaje su, shi ma ya gada. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana da safe. Shekara talatin da biyar yana fiɗa, kuma 'yan kwata sun yi ittifaƙi cewa bai taɓa huda fata ba. Dillalan fata idan sun zo, sai su ce a ware musu na Wada, su ɗauka ba tare da sun ɗaga su a rana sun duba ba.

Abin da ya fi wannan shi ne yadda yake karanta fata. Yakan ce bayanta na mai saniya ne, cikinta kuwa na makiyayi ne. A baya ake ganin shaidar da aka buga da wuta don a san garken da ta fito. A ciki kuwa babu abin da ke ɓuya. Inda sanda ta sauka akwai taruwar jini, inda igiya ta ci akwai zobe, tsohon miki fari ne, sabo ja. Wada yakan kifa fata ya ce, "Wannan mai fushi ne ya koro ta," ko ya ce, "Wannan ta kwana uku ba ruwa." Idan aka bincika sai a tarar haka ne.

Ta wannan hanya ya sami babban amininsa. Wata shekara, ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba, ya feɗe shanu bakwai a jere, duk da shaida ɗaya a cinya, zobe da layi uku, kuma babu alamar sanda ko ɗaya a cikinsu. Da ya wanke hannu sai ya nufi kara, kasuwar shanu, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani dogon Balaraben Shuwa daga Cadi yana zaune a inuwa yana gyaran takalmi.

Wada ya yi sallama ya ce, "Na zo in ga mutumin da ya koro shanu daga Cadi bai daki ko ɗaya ba."

Mutumin ya ɗago kai, Hausarsa a karye. "Wa ya gaya maka?"

"Su suka gaya mini."

Sunansa Youssouf. Tun daga ranar, duk zuwan da zai yi Garwa a gidan Wada yake sauka. Wada yana ce masa Shuwa, shi kuma yana ce wa Wada Mai Wuƙa. Hajjo matar Wada ta koyi dafa shayi mai kauri saboda shi. Wata rana suna yawo a tashar jiragen ruwa, Wada ya tsinci wata doguwar ƙusa mai kai murabba'i da ta faɗo daga jikin jirgi, ya ba shi. Youssouf ya sa mata mariƙin itace, ta zama ƙarfen da yake sa wa a wuta ya yi wa dabbobinsa lalas idan gaɓa ta kumbura ko kafaɗa ta goce. Sau uku yake ɗosawa, kamar duwatsun murhu.

A shekarun baya-baya Youssouf yana zuwa da wata jar saniya mai ƙaho ɗaya a sunkuye, sunanta Hamra. Ba ta sayarwa ba ce. Ita ce jagora. Ita ke fara faɗawa kogin Logon sauran su bi ta, ita ta san mashaya, ita ta san inda ake kwana. Idan an sayar da garke, sai ta juya tare da mai ita su koma gida. Sau tara ta zo Garwa ta koma. Mahauta sun sha taya ta don su tsokane shi, shi kuma ya yi ta dariya. Amma wata rana da suka matsa, sai ya dafa wuyanta ya dubi Wada, babu wasa a fuskarsa.

"Mai Wuƙa, ka riƙe wannan. Ranar da ka ga Hamra a ƙarƙashin wuƙarka, kada ka tambayi kowa. Ka yi mini addu'a, na mutu."

Wada ya riƙe, don shi mutum ne mai riƙe magana.

A shekarar 1980 faɗa ya ɓarke a cikin Njamena, 'yan ƙasa ɗaya suna harbin juna unguwa da unguwa. Mutane suka yi ta tsallakowa Kusiri a kwale-kwale. Kafin ruwan farko ya sauka, wata babbar mota ta sauke Ƙaltume matar Youssouf a tashar Garwa da ƙullin kaya ɗaya. Ta ce mijinta da ɗansu Malum, saurayi mai shekara ashirin da biyu, sun kora garke zuwa daji don nesa da harbi, sun ce ta je gidan Mai Wuƙa ta jira. Hajjo ta share mata ɗakin baƙi, wanda Youssouf ya saba kwana a ciki. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, babu wasiƙa, babu saƙon baki.

Sai ga shi a ƙarshen shekara rediyo ya ce sojojin Libiya sun shiga Cadi da tankoki da jirage, sun kama Njamena, harbi ya tsaya.

A zamanin shugaban ƙasa Ahijo ba a tattauna mulkin gida a rumfa. Kowa ya san haka, ba sai an faɗa masa ba. Saboda haka duk maganar da ta taru a cikin mutane sai ta huce a kan ƙasar maƙwabta. A rumfar mahauta, bayan an gama aikin safe, mutum biyu ne ke riƙe da gardamar. Mahamman, tsaran Wada, mai feɗe awaki da tumaki, yana ganin abin mamaya ce tsantsa. Lukmanu kuwa, mai tebur uku a babbar kasuwa, wanda ya yi aji shida a lakwal kuma yake kama tashoshi huɗu a rediyonsa, yana ganin ceto ne.

"Wata tara suna kashe junansu," in ji Lukmanu, yana buga gwiwa. "Wata tara! Wa ya je ya raba? Ku da kuke zaune nan kuna cin goro? Mutum ya zo ya kashe wutar a kwana kaɗan, kuna zaginsa."

Mahamman ya ce, "Kai yaro ne. Wanda ya shigo gidanka da tanka don ya raba ka da ɗan'uwanka, ranar da zai fita shi zai sa, ba kai ba."

"Gwamnatinsu ce ta kira su!"

"Rabin gwamnati. Ɗaya rabin fa, yana ina?"

"Yana daji, inda ya dace da shi."

"To ka jira. Yau Njamena, gobe Kusiri, jibi sai ka ga tanka a bakin teburinka yana neman kilo biyu ba ƙashi."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai ko ba komai shanu sun fara shigowa kuma da araha. Wani ya ce arahar nan ta dukiyar gudun hijira ce, ba abin murna ba ne. Idan sun gaji sai su juyo kan Wada.

"Baba Wada, kai ke da baƙuwa daga can. Me ka gani?"

Wada yakan ci gaba da wasa wuƙa a kan dutse. "Ban ga cikinta ba tukuna," yake cewa. Sun san fata yake nufi, sai su ƙyale shi.

Ranar wata Litinin cikin watan Janairu, da sanyin safe, aka yanka shanu goma sha ɗaya da wani dillali ya koro daga arewa. Wada ya gama uku ya matsa kan ta huɗu. Tana kwance a kan hagunta, kanta a karkace cikin magudanar jini. Ya tsaga daga wuya zuwa ƙirji, ya buɗe ƙafafun gaba, ya ce a taya shi juyawa. Da aka juya ta sai ga zobe da layi uku a cinya. Ya kai hannu ya ɗago kan. Ƙaho ɗaya a sunkuye.

Wuƙar tana hannunsa na dama, bakinta a cikin fata. Bai san lokacin da hannun ya motsa ba. Sai da ya ji kwata ta yi tsit ya duba, ya ga tsaga mai tsawon yatsa a haƙarƙari, haske yana shiga ta ciki.

Mahamman ya taso daga wajen awakinsa. "Wada? Lafiya?"

"Hamra ce," in ji Wada. Ya miƙa masa wuƙar. "Ƙarasa."

Bai taɓa barin dabba rabin fiɗa ba sai ranar. Ya wanke hannu ya kama hanyar gida, mutane suna gaishe shi bai ji ba.

Hajjo tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta ga fuskarsa sai ta ajiye rariya. Ya gaya mata a taƙaice.

Ta ce, "Malam, ka ga gawa?"

"Na ga fata."

"Fata ba mutum ba ce."

"Shi da bakinsa ya faɗa mini. Kin sani. Ya ce kada in tambayi kowa."

Ƙaltume ta riga ta fito bakin ƙofar ɗakinta, ta ji duka. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a dokin ƙofa kamar wadda aka sauke wa kaya, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Yaya Wada, Malum fa?"

"Fatar ba ta faɗi komai a kansa ba."

"To yana raye," in ji ta. "Saurayi ne, yana da gudu. Zai zo."

Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta ta ba Hajjo. Da la'asar matan unguwa suka shigo, aka tsefe mata kai, ta ɗaura tsohon zane, ta shiga takaba. Limamin Hausare ya ɗan yi jinkiri, ya ce a shari'a ana son wanda ya gani ko ya binne. Amma lokacin yaƙi ne, gidaje da yawa sun yi zaman makoki a kan abin da bai kai wannan ba, kuma mai maganar Wada ne, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Aka sa sadakar uku ranar Laraba da hantsi.

Zaman makoki bai hana gardama ba, sai ma ya ba ta abin kamawa. A kan tabarmin ƙofar gida, tsakanin Fatiha da Fatiha, Mahamman ya sunkuyo ya ce da Lukmanu, "Ga ceton naka nan. Mutum ya tsira wata tara, masu tanka suka zo, ga saniyarsa a kwata."

Lukmanu ya ce, "Wa ya ce su ne? Waɗanda aka kora daga birni su ke bin daji suna ƙwace shanu. Da an shigo tun da wuri, da yanzu yana nan yana shan shayi."

Kowannensu ya ja mamacin zuwa gefensa. Wada yana jin su, abin yana ci masa rai, amma baƙinsa ne, sai ya ci gaba da karɓar gaisuwa.

Ranar Laraba bayan sallar asuba ya tafi mashanyar fatu a bayan kwata. Ya riga ya roƙi wanda ya sayi saniyar ya bar masa fatar, yana so ya kankare ta da hannunsa ya ba Ƙaltume, don ba ta da kabarin da za ta sani. Mahamman ya kafe ta da turaku, cikinta yana kallon sama. Wada ya tsuguna a gefenta. Ga tsagar da ya yi. Ga tsofaffin tabo da ya sani, farare, na ƙaya da na ƙahon wata saniya. Babu sanda ko ɗaya, sai a ɗuwawu inda masu koro na ƙarshe suka taɓa ta. Idonsa ya hau zuwa kafaɗar dama, ya tsaya.

Tabo uku, kamar duwatsun murhu, kowanne mai kusurwa huɗu. Ba farare ba ne. Jajaye ne, gefensu bai gama haɗewa ba.

Ya sa ɗan yatsa ya shafa. Ya san ƙusar da ta yi wannan, shi ya tsince ta. Ya san hannun da ke ɗosa ta sau uku. Kuma ya san kwanakin miki kamar yadda manomi ya san kwanakin gero. Wannan lalas bai wuce kwana ashirin ba. Kwana ashirin da suka wuce, bayan tankoki sun shiga, bayan harbi ya tsaya, Youssouf yana tsaye da ƙafarsa yana hura wuta don saniyarsa tana ɗingishi.

Wada ya zauna a ƙasa. Shekara talatin da biyar yana gaya wa mutane cewa kada a yanke wa fata hukunci sai an ga cikinta. Rana ɗaya tak da abin ya zama na rai da mutuwa, ya dubi bayanta ya ajiye wuƙa ya tafi, ya sa matar mutum takaba.

Ya cire turakun, ya naɗe fatar ya ɗora a kafaɗa. Da ya iso gida an riga an taru, an fito da masa da goro, liman yana gyara zama. Wada ya tsaya a tsakiyar tabarmi bai cire takalmi ba.

"Jama'a, a dakata. Na yi kuskure."

Ya shimfiɗa fatar ya nuna musu. Yawancinsu ba su ga komai ba sai ɗigo uku. Mahamman ya duƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Wallahi sabo ne. Ni na ƙarasa ta, ban lura ba." Wani daga baya ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, ashe Wada ma yana hudawa, yana kuma ɓatawa. Liman bai yi faɗa ba. Ya ce a raba masar ga mabukata, sadaka ba ta ɓaci, amma ba za a yi wa mai rai addu'ar matattu ba.

Abin da ya fi wuya yana cikin gida. Wada ya tsaya daga bakin ƙofa, don mai takaba ba a shigar mata, ya yi bayani. Hajjo ta ɗauko 'yan kunnen tana murmushi da hawaye, ta miƙa. Ƙaltume ba ta karɓa ba.

"Yaya Wada," ta ce daga cikin ɗaki, muryarta a kwance. "Shekaranjiya ka kashe shi da fata. Yau kana so ka raya shi da fata. Ni ba zan iya wannan hawa da sauka ba. Ka kawo mini shi, ko ka kawo mini wanda ya binne shi. Kafin nan ina nan yadda nake."

Wada ya ce, "Kin yi gaskiya."

Ya tafi wurin Gaston, ma'aikacin dabbobi da ke buga hatimi a nama, mutumin kudu da ya daɗe a Garwa har yana jin Fulatanci. Gaston ya buɗe takardun shiga na garken Litinin, ya bi da yatsa. "Lesefase ɗin, takardar wucewarsu, daga Bogo aka yanke shi. Gobe Alhamis, ranar kasuwarsu. In ka sami motar Marwa yanzu, ka isa." Ya dube shi ta saman tabarau. "Ka taɓa wuce ko Pitowa ta nan kusa kuwa, Baba?"

Bai taɓa ba. Ya shiga mota da rigar da ke jikinsa, ya kwana a Marwa a gidan wani mahauci, da safe ya bi motar 'yan kasuwa zuwa Bogo.

Karar Bogo ta ninka ta Garwa. Shanu har inda ido ya tsaya, Fulani da Shuwa da dillalai daga Najeriya, kowa da yarensa. Wada bai nemi fuska ba, don ya san yunwa tana canza fuska. Ya tsaya a kan wani tudu yana kallon yadda ake kora. Kowa da sanda a sama. Can gefen rijiya sai ya hango wani dogon mutum yana shigar da bijimai biyar cikin shinge, hannayensa a bayansa, da baki kawai yake yi musu magana, suna bi.

Ya sauko ya je ya tsaya a bayansa. "Shuwa."

Mutumin bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo, gemunsa ya yi fari fat, rigarsa ta wani ce, ta yi masa gajarta. Shanun ma na wani ne, ɗan ƙwadago yake yi.

"Mai Wuƙa," in ji shi. "Na ce kada ka tambayi kowa."

Suka zauna a gindin wata tsamiya. Youssouf ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke kafin ya fara. Ya ce sun yi wata takwas suna zagaye a daji, shi da Malum, garken bai ragu da yawa ba. Da suka ji harbi ya tsaya sai suka nufo kogi. A wata rijiya, da rana tsaka, shanu suna sha, motoci suka ɓullo da mutane masu kaki, sama kuma akwai ƙarar jirgi. Aka yi harbi. Shanu suka watse, waɗanda ba su faɗi ba aka kora su. Malum ya bi su yana kira, harsashi ya same shi a ciki.

"Hamra kaɗai ta dawo da na kira. Na ɗora shi a bayanta. Ba ta taɓa ɗaukar mutum ba, amma ta tsaya. Kwana huɗu. Ta ƙetare Logon da shi. A hawan gaɓa kafaɗarta ta goce." Ya nuna gabas da haɓa. "Yana can bayan gari. Mutanen nan suka yi masa sutura, Allah ya saka musu. Kwana biyu ya yi a nan."

Wada ya yi salati a hankali. Hayaniyar kasuwa tana wucewa ta kansu.

"Dillalai uku suka taya ta," Youssouf ya ci gaba. "Biyu za su Najeriya. Na ba na Garwa."

Wada ya dube shi. "Da gangan."

"Da gangan. Na san hannun da za ta faɗa. Mai Wuƙa, da wane baki zan shiga gidanka? Ta ba ni ɗa da shanu tamanin, in koma mata da igiya? Na ce gara ta yi kukan miji. Miji ana mance shi. Ta ci gaba da cewa yaron yana wani wuri."

"Haka kuwa take cewa. Kullum tana kallon ƙofa."

Youssouf ya rufe fuska da hannu.

"Amma ka yi mata lalas," in ji Wada. "Saniyar da ka san yanka za a yi."

"Tana ɗingishi. Kwana goma sha biyu ne zuwa Garwa. Ba zan iya barinta ta tafi da ciwo ba."

"To hannunka ya ƙaryata bakinka, kuma hannun na yarda da shi." Wada ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ka sa na huda fata. Ka sa na tsaya gaban liman na ce na yi kuskure. Waɗannan na yafe. Amma akwai mace a gidana ta tsefe kai tana takabar mai rai, tana jiran matacce. Wannan ba ni da ikon yafe shi, kai ma ba ka da. Tashi ka nuna mini kabarin, in ga da idona, don wannan karon ba zan faɗi abin da ban gani ba. Sannan mu nemi mota."

Suka isa Garwa ranar Asabar da la'asar. Wada ya yi sallama ya tsaya a zaure, ya bar Youssouf ya shiga shi kaɗai. Ƙaltume ta fito bakin ƙofa. Ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, sannan ta dubi bayansa, inda babu kowa. Ta daɗe tana kallon wurin. Ba ta tambaya ba. Kukan da ba ta yi ba ranar Litinin, ranar ta yi shi, har maƙwabta suka shigo ba a kira su ba.

Aka sake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Wada, wannan karon da sunan Malum, kuma da shaidu biyu. Bayan an shafa, Lukmanu ya matso kusa da Youssouf, da ladabi, Mahamman yana biye da shi.

"Baba, ka yi haƙuri da tambaya. Kai ka gani da idonka. Su wane ne? Na waje ko na gida?"

Youssouf ya yi tunani da gaske, kamar mai son ya ba da amsa daidai. "Ban sani ba," ya ce. "Kakin duk ƙura ɗaya ta rufe shi. Ina kallon yaron, ban kalli motocin ba." Ya juya ga Mahamman. "An ce kai ka ƙarasa fiɗar ta. Ta yi nama kuwa, ko ta rame?"

 "Ta rame," in ji Mahamman. "Amma kafaɗar ta fara warkewa."

"Alhamdu lillahi," in ji Youssouf.

Gardamar rumfa ba ta mutu ba. Ta ci gaba har sojojin Libiya suka fita a ƙarshen wannan shekara, Mahamman da Lukmanu kowa ya ce abin da ya faɗa ne ya tabbata. Sai dai ba su ƙara sa sunan mutumin da suka sani a cikinta ba.

Youssouf bai koma Cadi ba. Ya zauna a ɗakin baƙi shi da Ƙaltume, yana yi wa dabbobin mutane lalas a kara da ƙusar jirgin ruwa. Ƙaltume ta fita takaba a ranar da ya dawo, amma 'yan kunnen sai bayan shekara ta karɓa daga hannun Hajjo. Wada ya yi fiɗa shekara shida bayan haka, har idonsa ya raunana. Dillalai sun ci gaba da neman fatunsa, ko da yake an daina cewa bai taɓa hudawa ba, shi ma in wani ya faɗa yakan gyara masa ya ce sau ɗaya.

Fatar Hamra ya kai wa majema suka jeme ta, ya hana a ɗinke tsagar. A zaurensa take, a nan su biyun suke zama da yamma suna shan shayin Hajjo, yawanci ba magana. Kullum cikinta ne a sama. Baƙo in ya ce ai an shimfiɗa ta a juye, sai Wada ya ce a bar ta haka.